2.4 Sinadarai Masu Daƙile Aikin Bakteriyar da ke Cire Fosforas

Kamar yadda aka bayyana a fasalin da ya gabata, wannan hanya ta tace gurɓataccen ruwa, wadda James Barnard ya bunƙasa a Afirka ta Kudu a shekarun 1970, ta dogara ne a kan tankuna biyu. A tanki na farko, inda babu iskar oksijin, bakteriyar kan farfasa fosfet ɗin da ta taskace a cikinta domin ta sami ƙarfin haɗiye asitet, sannan ta zubar da fosfet ɗin cikin ruwa. A tanki na biyu kuwa, inda ake hura iska, sai ta ƙona abin da ta haɗiye, ta kwashi fosfet fiye da wanda ta zubar. Fitacciya daga cikin irin wannan bakteriya ita ce Accumulibacter, wadda aka raɗa wa suna a 1999. Wannan fasali zai duba yadda wasu sinadarai ke katse wannan zagaye.

2.4.1 Dinaitirofinol

Asitet ba ya shiga ƙwayar bakteriya sai da taimakon bambancin yawan furoton da ke tsakanin cikinta da wajenta. Dinaitirofinol kan ratsa tantanin ƙwayar ɗauke da furoton, ta haka sai ya rushe wannan bambanci. A ƙoƙarinta na maido da shi, bakteriyar kan yi ta ƙarar da taskarta, fosfet na fita ba tare da ta adana abinci ba. Saboda haka idan ta isa tanki na biyu, ba ta da abin da za ta ƙona ta sake kwashe shi.

2.4.2 Naitirait

Naitirait kan taru ne idan aikin sauya amoniya ya tsaya a rabi, kuma ya fi yin illa ga kwasar fosfet fiye da zubar da shi. Bincike ya nuna cewa ainihin mai ɓarnar shi ne asid ɗin da naitirait ke rikiɗewa ya zama idan ruwa ya yi tsami. Da ma'aunin pH zai sauka daga 7.5 zuwa 6.5, yawan wannan asid zai ninka kusan sau 10, ko da naitirait bai ƙaru ba.

2.4.3 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci abubuwa biyu. Na farko, yawan fitar fosfet a tanki na farko ba hujja ba ce ta lafiyar bakteriya, sai an ga asitet na raguwa tare da shi. Na biyu, auna naitirait ba tare da auna pH ba yana iya ɓatar da mai bincike. Idan aka yi sakaci da waɗannan, fosfet zai kwarara cikin kogi, gansakuka ta rufe ruwa, kifaye su rasa iskar shaƙa. Da waɗannan ma'aunai ne za a tantance sakamakon gwaje-gwajen da ke babi na huɗu.