Lokacin Hunturu, Hancin Kifi Ake Farauta

Da zarar iskar hunturu ta kaɗa a watan Disamba, masuntan Makera da ke bakin madatsar ruwa ta Zobe sun san kamu zai ja baya. Kifin yana nan a cikin wannan ruwa da aka tare a kan kogin Karaduwa tun 1983. Cin abincinsa ne ya ragu.

Kifi ba ya riƙe ɗumin jiki irin na mutum ko akuya. Yadda ruwa yake, haka jininsa yake. In ruwa ya yi sanyi, narkewar abinci a cikinsa takan yi jinkiri, sai ya lafe a ƙasa ya daina yawon banza. Karfasa ta fi kowa raki a nan: zafin ruwa na sauka ƙasa da digiri 20, sai cinta ya ragu sosai. Shi ya sa sammako ba ya biya a wannan lokaci. Gara mutum ya bari hantsi ya dubi ludayi, ruwan gefe ya ɗan yi ɗumi.

Kifin da ba ya son motsi, ƙamshi ne ke taso shi, ko kuma abin da mu muke kira ɗoyi. Tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa suna ɗanɗana ruwa da gashin bakinsu, suna gano abinci a cikin duhu da laka ba tare da sun gan shi ba. Don haka tana mai rai, ko hanjin kaza da ya kwana, sun fi ƙaton yanka marar wari aiki a ƙugiya. A rage girman loma, a kuma sauke mamari har ƙasa. Masu gura kuwa, dusar da ta ɗan yi tsami ta fi busasshiya kira.

Ba a nan kaɗai kifi ke bin ƙamshi ba. A wani bincike da aka wallafa a 1954, wani masani Ba'amurke, Arthur Hasler, da abokin aikinsa sun toshe hancin kifin salmon a jihar Washington, sai da yawa daga cikinsu suka kasa gane rafin da aka ƙyanƙyashe su. Masu su a tekun wannan yanki har yau suna shafa wa ƙugiya man ƙananan kifaye lokacin sanyi. An kuma gano cewa ruwan da mutum ya wanke hannu a ciki yana korar salmon.

Wannan na ƙarshe ya kamata masuntanmu su duba. Mutum ya taɓa fetur ɗin babur, ya shafa man zafi saboda sanyi, sannan ya soka tana a ƙugiya da hannun, ya dawo yana cewa ruwa ya ƙi. A ganina, kafin a ɗora wa sanyi laifi, a fara cuɗa hannu da lakar bakin ruwa.