Ɓera da Tsutsar Hanji: Gado da Garkuwar Jiki

Daga cikin abubuwan al'ajabin da masana ilmin halittu suka daɗe suna nazari a kansu akwai wata tsutsa mai suna Trichuris muris, wadda take zama cikin babban hanjin ɓera. In aka ba ɓeraye ƙwayayenta masu yawa, zuriyar da ake kira BALB/c takan fitar da ita cikin kamar mako uku, alhali kuwa zuriyar AKR takan riƙe ta har ta balaga ta yi ƙwai.

Sababin wannan bambanci yana cikin gado. Jikin zuriya ta farko yakan saki sinadaran IL-4 da IL-13, waɗanda suke sa hanji ya ƙara yauƙi da motsi, fatarsa ta ciki kuma ta riƙa sabuntuwa da gaggawa har tsutsar ta rasa madafa. Ta biyun kuwa intaferon-gama take saki, makamin da ba na wannan yaƙi ba ne. A 1994 masanan Jami'ar Mancesta ta Ingila suka toshe wannan sinadari cikin ɓerayen AKR, sai ga su sun kori tsutsar, hujja ke nan mai ƙarfi a ganina.