Allon Tuwon Dare

Yara, idan la'asar ta yi kukan ji ana tambaya a cikin gida, "Yau wace miya za a kaɗa?" Wata rana a sami amsa nan da nan. Wata rana kuwa sai an ɗora tukunya sa'an nan a tarar babu daddawa, ko kuɓewa ta ƙare. Sai a tashi yaro da gudu ya zaga maƙwabta. Kafin tuwo ya sauka dare ya yi, ƙanana sun yi barci da yunwa. Akwai dabarar da ke maganin wannan, ba ta kuwa da tsada. Allo ne da alli.

Ku sami guntun katako mai santsi, ku shafa masa baƙi. Kada dai ku ɗauki allonku na karatun Alƙur'ani, gama wannan yana da nasa girma. Ku ja layi ku raba katakon gida bakwai, kowace rana da gidanta, daga Asabar har Jumma'a. A cikin kowane gida za a rubuta abu uku: irin tuwo, da irin miya, da yawan hatsin da za a auna. Idan mako ya cika sai a goge da tsumma a sake rubuta wani. Allo ɗaya ya ishi gida shekara da shekaru.

Lokacin da ya fi kyau a rubuta shi ne daren da kashegari kasuwar garinku za ta ci. Maigida da uwargida su zauna, a duba abin da ya rage a ɗaki, yaron da ya iya rubutu ya riƙe alli. Da haka mai zuwa cefane ya san abin da zai sayo, ba ya mance gishiri ya sayo abin da ba a bukata.

A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum Allah ya hore mana abinci iri iri. A tudu ana noma gero da dawa da masara da wake da gyaɗa. A fadama ana noma shinkafa, masunta kuma suna kamo kifi a Gulbin Zamfara da Gulbin Ka. Duk da haka akwai gidan da za a yi kwana goma ana cin tuwon dawa da miyar kuka tsura. Ba kullum rashi ke kawo haka ba, sau da yawa rashin shiri ne. Tuwo yana ba jiki ƙarfi, amma wake da gyaɗa da kifi da nama su ne ke gina jikin yaro. Ganye irin su zogale da yakuwa da alayyafo suna taimakon jiki ya tsare kansa daga cuta. In an dubi allo aka ga kuka ta cika gida bakwai, ai ko makaho aka karanta wa ya san da gyara. Sai a sa taushe da kabewa ran Litinin, wake ran Laraba, a bar tuwon shinkafa da kifi ran Jumma'a in hali ya yi.

A gidan da ke da mata biyu, kowacce takan yi girki kwana biyu. To, kwana bakwai ba su rabuwa biyu biyu daidai, saboda haka wadda ta yi girkin Asabar wannan mako ba lalle ita za ta yi na mako mai zuwa ba. In an sa sunan mai girki a gefen kowace rana, kowacce ta san ranarta tun da wuri, ta yi surfe da niƙa a kan kari.

Amma babban amfanin allon nan yana wajen awo. Kun san da kaka ake cika rumbu, abin da aka zuba kuwa shi za a ci har sabon gero ya nuna. Watannin Yuli da Agusta su ne masu wuya, domin a lokacin rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ga kuma aikin gona yana neman ƙarfi. Bari mu yi ɗan lissafi. Buhu ɗaya yakan ci tiya wajen 40. Gidan da ke auna tiya 2 kowane dare, buhu zai kai su kwana 20. In mai awo ta riƙa ƙara rabin tiya ba da lura ba, buhun nan kwana 16 kaɗai zai yi. An yi hasarar kwana 4 a buhu ɗaya ke nan. A buhu goma fa? Kwana 40! Rabin tiya ba ya cika ido da kaka, amma shi ne mutum zai nema ya rasa a tsakiyar damina.

Wani zai ce, to in baƙo ya sauka fa? Ai allo ba ya hana karɓar baƙo. A auna masa rabonsa da farin ciki, sa'an nan a rubuta abin da aka ƙara, domin lissafi ya fita daidai.

Yau in kun koma gida, kowa ya tambayi innarsa tiya nawa ake aunawa don tuwon dare. Ku riɓa shi sau bakwai, ku rubuta, ku kawo wa malam gobe da safe.