Yaƙin Makiyayan Amurka da Koyoti: Bindiga, Kuɗin Harsashi da Harbi Daga Jirgin Sama

Gabatarwa

Duk mai kiwon tumaki da awaki ya san cewa asarar da naman daji ke jawowa ta fi kowace ciwo, domin dare ɗaya takan ci wahalar shekara guda. Makiyayan ƙasar Amurka sun shafe fiye da shekaru ɗari suna fama da wata dabba mai suna koyoti. A kanta sun gwada tarko da guba da bindiga, har da jirgin sama. Wannan maƙala za ta bayyana wa malaman gona da manoma yadda ake wannan yaƙi, da abin da yake ci na kuɗi, da kuma abin da bincike ya gano game da amfaninsa.

Wace Dabba Ce Koyoti?

Koyoti ɗan dangin kare ne da dila. Ya fi dilanmu girma kaɗan, nauyinsa yakan kama daga kilo 9 zuwa kilo 20. Asalin mazauninsa filayen ciyawa da hamadar yammacin Amurka da ƙasar Meziko ne. Bayan da aka karkashe manyan kyarketai da ke danne shi, aka kuma sare dazuzzuka domin noma, sai ya bazu. A yau ana samunsa a dukkan jihohin Amurka in ban da Hawai, ya shiga Kanada, ya gangara kudu har ƙasar Fanama.

Ba ya zaɓen abinci. Yana cin ɓeraye da zomaye da ƙwari da 'ya'yan itatuwa da mushe, idan kuma ya sami hali sai ya kama ɗan rago ko ɗan maraƙi. Yakan yi barbara tsakanin watan Janairu da Maris, macen ta ɗauki ciki na kimanin kwana 63, ta haihu a cikin rami a watan Afrilu ko Mayu. Wannan lokaci ya zo daidai da lokacin haihuwar tumaki a wurare da yawa, shi ya sa ɓarna ta fi tsanani a sa'an nan.

Girman Ɓarnar

Ƙididdigar Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta shekarar 2014 ta nuna cewa a cikin 'yan tumakin da namun daji suka kashe, fiye da rabi koyoti ne ya kashe su. A ɓangaren shanu kuwa, ƙididdigar shekarar 2015 ta nuna cewa namun daji ne sanadin mutuwar kimanin kashi 11 cikin 100 na maruƙan da aka rasa. Sauran duk cuta ce da wahalar haihuwa da tsananin sanyi da makamantansu. Abin lura a nan shi ne, ko a ƙasar da ake yawan kuka da koyoti, cuta ta fi shi cin maruƙa nesa ba kusa ba.

Yawan tumakin Amurka ya kai miliyan 56 a shekarar 1942, amma zuwa shekarar 2024 bai wuce kimanin miliyan 5 ba. Makiyaya da yawa suna ɗora wa koyoti laifin haka, sai dai masana tattalin arziki suna ƙarawa da tsadar 'yan ƙwadago, da faɗuwar kasuwar gashin tumaki, da shigo da naman rago daga Ostareliya da Niyuzilan.

Hannun Gwamnati

A shekarar 1931 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta ba gwamnatin tarayya ikon yaƙi da dabbobi masu ɓarna. Sashen da ke wannan aiki a yanzu yana ƙarƙashin Ma'aikatar Aikin Gona, kuma tun shekarar 1997 ake kiransa Wildlife Services. A shekarar 2021 sashen ya ba da rahoton kashe koyoti kimanin 64,000. Wannan bai haɗa da waɗanda maharba da masu tarko suka kashe don kansu ba, waɗanda sun fi haka yawa. Wasu jihohi ma lada suke biya: jihar Yuta ta fara biyan dala 50 a kan kowane koyoti a shekarar 2012.

A da guba ce babban makami. A shekarar 1972 Shugaba Richard Nixon ya hana amfani da ita wajen kashe irin waɗannan dabbobi a filayen gwamnatin tarayya, saboda tana hallaka gaggafa da karnuka da sauran dabbobin da ba su aka nufa ba. Daga baya an dawo da wasu nau'o'inta bisa tsauraran sharuɗɗa, amma tun daga lokacin bindiga da jirgin sama suka ƙara samun muhimmanci.

Farauta da Bindiga Mai Watsa Ƙwayoyi

Maharbin koyoti ba ya bin sawunsa, kiransa yake yi. Yakan ɓuya, ya busa wani ɗan usur ko ya kunna na'urar da ke kwaikwayon kukan zomon da ya ji rauni, sai koyoti ya taho da gudu yana zaton ya sami nama. Idan fili ne fetal, ana amfani da bindiga mai cin dogon zango. Idan kuwa wurin akwai sarƙaƙiya, ko dabbar ta iso kusa tana gudu, bindiga mai watsa ƙwayoyi ta fi dacewa, wato dangin bindiga mai baki biyu da maharbanmu suka sani. Wadda aka fi amfani da ita ita ce mai lamba 12.

Ƙwayoyin da ke cikin harsashin suna da girma daban-daban. Wanda maharban koyoti suka fi yabo shi ne mai manyan ƙwayoyi lamba 4, kowace ƙwaya faɗinta kimanin milimita 6, kuma kwanso mai tsawon inci 3 yakan ɗauki ƙwaya 41. Akwai mai ƙwayoyin da suka fi waɗannan girma, masu faɗin milimita 8 da ɗoriya, sai dai kwanso ɗaya ba ya ɗaukar fiye da 9 zuwa 15, don haka gibin da ke tsakaninsu yakan yi yawa. Da ƙwayar dalma, iyakar inda harbin ke kashewa nan take bai cika wuce mita 40 ba. Abin da ya zarce haka sau da yawa rauni kawai yake yi wa dabbar, ta gudu ta je ta mutu a wahale, ko ta warke ta ƙara wayo, ba ta sake amsa kiran usur.

Kuɗin Harsashi

Farashin harsashi ya dogara ne ga irin ƙarfen da aka yi ƙwayoyin da shi. Dalma ita ce mai araha: a farkon shekarun 2020 harsashi ɗaya yakan tashi a kan dala 1 zuwa 2. Sai dai dalma guba ce. Tsuntsun da ya ci mushen dabbar da aka harba yakan haɗiye ɓarɓashinta. Wani babban bincike da aka wallafa a shekarar 2022 ya gano cewa kusan rabin gaggafar Amurka da aka gwada suna ɗauke da gubar dalma a ƙashinsu. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya tun daga 1 ga Yuli, 2019.

Baƙin ƙarfe ba shi da wannan illa, amma bai kai dalma nauyi ba, saboda haka ƙarfinsa yana saurin raguwa a iska. Akwai kuma wani ƙarfe mai suna tangistin, wanda ya fi dalma nauyi da fiye da rabi. Ƙaramar ƙwayarsa tana cin zango mai tsawo, amma harsashinsa ɗaya yakan wuce dala 5, wani ma ya kai ninkin haka. Ƙasar Sin ce ke haƙo kusan kashi 80 cikin 100 na tangistin ɗin duniya, kuma bayan da ta taƙaita fitar da shi a shekarar 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Ban da wannan, akwai harajin kashi 11 cikin 100 a kan harsashi da bindigogin farauta, kuma bisa wata doka ta shekarar 1937 ana raba kuɗin ne ga jihohi domin kula da namun daji.

Harbi Daga Jirgin Sama

Dokar shekarar 1971 ta haramta harbin dabba daga jirgin sama a Amurka, sai ga ma'aikacin gwamnati ko wanda ya sami takardar izini domin kare dabbobin gida, ko amfanin gona, ko rayukan jama'a. Wanda ya saɓa yana iya fuskantar tarar dala 5,000, ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyu.

Ana amfani da ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum biyu, irin su Piper Super Cub, ko jirgi mai saukar ungulu. Matuƙi yana tafiya ƙasa-ƙasa a hankali, maharbi kuma yana harbi ta ƙofa da bindiga mai watsa ƙwayoyi. An fi yin aikin a lokacin hunturu, sa'ad da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, domin a sa'an nan ake hango dabbar da sawunta daga sama. Amfanin wannan hanya shi ne maharbi yana ganin abin da zai harba, ba kamar guba ba da ke kashe duk wanda ya ci. Wani bincike da aka yi a jihohin Yuta da Aidaho, aka wallafa a shekarar 1999, ya nuna cewa makiyayun da aka yi wa irin wannan harbi da hunturu, wata 3 zuwa 6 kafin isowar tumaki, sun fi ƙarancin asarar 'yan tumaki.

Amma fa aikin yana da tsada da haɗari. Awa ɗaya ta tashin jirgi tana cin ɗaruruwan daloli, mai saukar ungulu kuma ya fi tsada. A ɗauka misali an harba harsashi biyar na dala 2 kafin a kashe koyoti ɗaya: dala 10 ke nan, wadda ba a bakin komai take ba idan aka gwada da kuɗin mai da albashin matuƙi da gyaran jirgi. Sannan tafiya kusa da ƙasa a tsakanin tsaunuka ta sha jawo faɗuwar jirage, matuƙa da maharba sun rasa rayukansu. A inda itatuwa suka yi duhu kuwa, jirgin ba ya da wani amfani.

Me Ya Sa Koyoti Bai Ƙare Ba?

Duk da wannan kisa na shekara da shekaru, koyoti ƙara bazuwa ya yi. Masu bincike sun gano dalilai. A jihar Teksas, wani nazari na shekarar 1972 ya nuna cewa inda ake yawan kashe koyoti, macen takan haifi 'ya'ya kusan 7, alhali inda ba a matsa masa ba ba ta cika wuce 4 ba. Idan an rage yawansu abinci yakan wadata, matasa su fara haihuwa da wuri, baƙi kuma su shigo su cike gurbin. Wani lissafi da masana Jami'ar Kalifoniya suka yi a shekarar 1975 ya nuna cewa sai an kashe kashi 75 cikin 100 kowace shekara har tsawon shekara 50 kafin a ga bayansa.

An kuma gano cewa ba kowane koyoti ne ɓarawon tumaki ba. Mafi yawan ɓarnar aikin miji da mata ne masu riƙe da yanki, musamman idan suna ciyar da 'ya'ya. Binciken da aka yi a jihar Wayomin, aka wallafa a shekarar 1983, ya nuna cewa da zarar an kwashe 'ya'yan daga rami, kisan tumaki yakan ragu ƙwarai ko da iyayen suna nan da rai. Ma'ana, kashe koyoti ɗari da ba su taɓa garke ba, bai kai kawar da biyun da suka saba ba.

Saboda haka tun shekarun 1970 makiyaya suka koma ga hanyoyin tsaro. Sun shigo da manyan karnukan gadi daga Turai da Turkiyya, waɗanda ake renonsu a cikin garke tun suna ƙanana. Wasu suna sa jaki a cikin tumaki, domin jaki ba ya ga maciji da dangin kare. Wasu kuma suna amfani da shingen waya mai lantarki, da killace tumaki da dare, da tanadar rumfar haihuwa.

Abin da Makiyayanmu Za Su Amfana

Babu koyoti a Afirka, amma dila da kura suna yi wa ƙananan dabbobinmu irin wannan ɓarna. Ga abubuwan da ya kamata malaman gona su jaddada wa masu kiwo:

1. A tabbatar da sanadin mutuwar dabba kafin a ɗora wa naman daji laifi. Dabbar da aka kashe da ranta takan nuna jini da hudar haƙora a maƙogwaro. Wadda cuta ta kashe, aka zo aka ci mushenta, ba ta nuna haka.

2. A riƙa rubuta asara wata-wata tare da dalilinta. Idan cuta ce kan gaba, kuɗin rigakafi da maganin tsutsar ciki ya fi kuɗin harsashi amfani.

3. A gina turke ko garke mai ƙarfi, a kuma shigar da dabbobi kafin magariba. Masu ciki da sababbin haihuwa a ajiye su kusa da gida har 'ya'yan su yi ƙwari.

4. A binne mushe da mahaifa da zurfi. Barin su a fili shi ke koya wa dila da kura hanyar garke.

5. Kada a zuba maganin ƙwari a mushe. Yana kashe karnukan gida da ungulu, alhali ungulun da muka saba gani a mahauta an sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa tun shekarar 2015.

6. Mallakar bindiga ba tare da lasisi ba laifi ne a dokar Nijeriya. Idan wata dabba ta addabi gari, a kai rahoto ga mai unguwa da ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma.

Kammalawa

Amurka ƙasa ce mai kuɗi da jirage da ƙwararrun maharba, amma ba ta iya ƙarar da koyoti ba. Bindiga da jirgi sun taimaka wajen rage asara a wuri ɗaya na ɗan lokaci, sannan a sake maimaita aikin shekara mai zuwa da sabon kuɗi. Abin da ya fi ɗorewa shi ne tsare garke da kyau, tare da kawar da ainihin dabbar da ta saba ɓarna. Wannan kuwa mai tunkiya biyar ma yana iya yinsa ba tare da ya jira kowa ba. Mai neman ƙarin bayani a kan gina garke da kula da lafiyar ƙananan dabbobi sai ya tuntuɓi malamin gona ko malamin dabbobi mafi kusa da shi.