Samosa: Asalinta da Dalilin Karɓuwarta

A cikin kayan suyar da ake talla a tashoshin mota da ƙofofin makarantu, samosa ta sha bamban da sauran. Ƙosai da funkasau ƙullu ne ake zubawa kai tsaye a mai, ita kuwa samosa naɗe ta ake yi, wato a murza kwaɓin fulawa ya yi fale-fale, a zuba nikakken nama da albasa da attaruhu a ciki, a lanƙwasa shi kusurwa uku, sa'an nan a soya. Na ga ya dace in yi bayaninta ne saboda yaran yanzu sun tashi sun gan ta a kowace kasuwa, har wasu suna lissafa ta cikin abincin gargajiya na Hausawa. Wannan kuskure ne, kuma malamai ne ya kamata su gyara shi.

Sunan daga Farisanci ya fito, wato sanbosag, Larabawa suka mayar da shi sambusak. Tun a ƙarni na 10 akwai bayanin yadda ake haɗa ta a littafin girke-girke na Ibn Sayyar al-Warraƙ na Bagadaza. Haka kuma Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya isa Delhi a 1334, ya ga ana kawo ta a walimar fadar Sarki Muhammad bin Tughluƙ. Ya ce nikakken nama ne da lauz da fustuƙ da albasa da kayan ƙamshi, a naɗe cikin siririyar gurasa, a soya da man shanu. Shi ne dai matafiyin da ya zo Takedda a 1353, har ya ambaci Gobir. Ashe abincin fada ce kafin ta fito bakin titi. Wadda Indiyawa ke cusa wa dankalin Turawa daga baya ta zo, domin dankalin kansa sai a ƙarni na 16 ya fito daga Kudancin Amurka.

Wanda ya taɓa yin azumi a Makka ko Sudan ya san sambusa ba ta rabuwa da buɗa-baki. Mu kuwa lafazin Indiyawa muka ɗauka, muke cewa samosa.

A ganina, abin da ya sa ta karɓu wurin masu talla shi ne ba ta buƙatar kwano ko miya. Ɓawonta shi ne mazubinta. Amma sana'ar tana da ƙa'ida. Dole a soya naman ya tsane sarai kafin a naɗe, a kuma liƙe bakin da ruwan fulawa, in ba haka ba sai ta fashe a kasko ta sha mai. Kuma da yake nama ne a ciki, ba ta jure kwana kamar cincin, musamman lokacin bazara.