Ɗan kwikwiyo a tsakar gida: agogo ya fi sanda

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, ba abin mamaki ba ne a ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati ya kawo ɗan kwikwiyo gida domin gadi. Dalili kuwa sananne ne: haja na cikin mangaza, babur na cikin zaure, maigida kuma yakan yi kwana da kwanaki a kan hanya. To amma kafin kwikwiyon ya kai ga haushin da zai kori ɓarawo, yakan fara da abin da ke tada fitina: kashi a bakin madafa, fitsari kusa da tabarmar salla. Uwargida ta fusata, yaro ya ɗauki sanda, daga ƙarshe a ɗaure dabbar da sarƙa a bayan gida, ko a jefar da ita kan titi. Alhali kuwa likitocin bisashe sun daɗe suna faɗin cewa wannan matsala tana da magani, kuma maganin ba duka ba ne.

A dajin Azawak, inda Abzinawa da Fulani suke kiwon karensu mai dogayen ƙafafu, babu mai koya wa kwikwiyo wurin ba-haya. Fili yana da faɗi, dabba takan yi nesa da bukka da kanta. A birni lamarin daban yake. Katanga ɗaya ta kewaye madafa, da randar ruwa, da wurin alwala, da yashin da yara ke wasa a ciki. A nan dole mutum ya nuna wa dabba iyakarta.

Tsarki da lafiya

Ajiye kare domin tsaro ba baƙon abu ba ne ga malamai. Masu sharhin Risala sun ruwaito cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik bai so haka ba, sai ya amsa cewa da Malik ya riski wannan zamani, zaki ma zai ajiye. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne. Ke nan wanda ya hore karensa ya kare tsarkin gidansa.

Ta fannin lafiya ma haka ne. Yawancin ƴan kwikwiyo ana haifarsu da tsutsar ciki da suka ɗauko daga uwarsu. Ƙwayayen tsutsar suna fita cikin kashi, amma ba sa zama masu cutarwa sai sun yi mako 2 zuwa 4 a cikin ƙasa. Jaririn da ke rarrafe yana kai hannu baki shi ne na farko da zai haɗiye su. Wata tsutsar kuma ta fata take shiga, ta bar zane mai ƙaiƙayi a ƙafar yaron da ke yawo ba takalmi. Gidan da ake kwashe kashin kare kullum a binne shi ya yanke wannan hanya tun daga tushe.

Abin da ɗabi'a ta riga ta shuka

Aikin bai kai wuyar da ake zato ba, domin kare ba ya son ɓata makwancinsa. Tun yana da mako 3 yakan rarrafa ya bar wurin kwana idan buƙata ta matsa masa. Wajen mako 8 zuwa 9 sai ya fara sabawa da irin ƙasar da yake tsugunawa a kai, yashi ko siminti, kuma yakan ci gaba da neman irinta. Shi ya sa ba a raba shi da uwarsa kafin mako 8, kuma ake fara horo a ranar da ya shigo gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai mararsa ƙarama ce. Lissafin da masu kiwon kare ke bi shi ne kimanin awa guda a kan kowane wata na rayuwarsa: ɗan wata 2 ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa 2, ɗan wata 4 kamar awa 4. Wanda ya rufe ɗan wata 2 tun asuba har la'asar, kada ya zargi kowa sai kansa.

Yadda ake bi

Da farko a ware kusurwa guda nesa da madafa, da rijiya, da wurin wasan yara, a zuba mata yashi. A yi masa makwanci ƙarami a inuwa, da ruwan sha a kusa. A ba shi abinci sau 3 ko 4 a rana, a lokuta tsayayyu, a ɗauke kwanon idan ya gama. Cikin da aka cika a kan lokaci a kan lokaci yake saukewa. A kai shi kusurwar da zarar ya tashi daga barci, da bayan cin abinci, da bayan wasa, da kuma kafin a rufe ƙofa da dare. A makonnin farko sai an tashi sau ɗaya ko biyu cikin dare.

Idan aka ga yana shinshinar ƙasa yana zagaye, a ɗauke shi nan take. Idan ya yi a inda ake so, a yaba masa da murya mai taushi, a ba shi ɗan guntun nama a daidai wannan lokaci, ba bayan an koma ɗaki ba. Kare yana haɗa sakamako ne da abin da ya aikata a cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Saboda haka dukan da aka yi masa awa guda bayan ɓarna, ko cusa hancinsa cikin ƙazanta, ba sa koya masa komai sai tsoron mutum. Sai ya koma yana ɓuya bayan randa, ya kuma girma da firgita. Kare mai firgita kuwa ya fi saurin cizon ƴan gida.

Inda ya yi kuskure a wanke sosai da ruwa da sabulu; idan ƙasa ce a kankare ta a zuba sabuwa, domin ɗan warin da hancin mutum ba ya ji shi ke kiran kare ya dawo. Ɗaure shi da gajeriyar sarƙa dare da rana kuwa shi ne mafi muni, domin yana tilasta masa kwana cikin ƙazantarsa har ya daina ƙyamarta.

Wa zai riƙe agogon?

A nan yawancin gidaje ke tuntuɓe. Ma'aikaci yana buro, ɗan kasuwa ya tafi Kano ko Kwatano, yara suna lakwal. Ya kamata maigida ya naɗa mutum guda, mai gadi ko babban yaro, ya danƙa masa lokutan, kuma dukan gida su riƙe kalma ɗaya da wuri ɗaya. Idan aka dage, yawancin karnuka sukan natsu tsakanin wata 4 da 6, wasu kuma su kai shekara. Wanda ya koya sannan ya koma ɓarna, ko ya kama zawo mai jini, likita yake buƙata.

Ziyarar ofishin ma'aikatan kiwo ma tana cikin horon. A can ake samun maganin tsutsa, wanda ake maimaitawa kowane mako 2 har ya kai wata 3, da allurar rigakafin haukan kare, wadda ake yi a wata na 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kimanin 59.000 kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, ya garzaya asibiti.

Kare yakan yi shekara 10 ko fiye yana tsaron gida. Wata 3 na haƙuri ba su yi tsada ba a kan irin wannan hidima. Wanda ya san ba shi da mai riƙe masa lokutan, gara ya ƙara wa katanga tsawo, ya bar kwikwiyo wurin uwarsa.