Ɗakunan Karatun Jama'a: Tallafi Na Nan, Mai Nemo Shi Ne Ya Yi Ƙaranci

Duk wanda ya leƙa ɗakin karatu na gwamnatin jiha a Arewa ana saura 'yan makonni a rubuta jarrabawar JAMB ko WAEC, zai tarar da kujeru a cike. Idan ya tsaya ya lura, zai ga yawancin yaran da littattafansu suka zo daga gida. Inuwa suka zo nema, da tebur, da wurin da babu hayaniyar ƙanne. Littattafan da ke kan kanta sun daɗe ba wanda ya taɓa su, domin manhajar da aka rubuta su a kai an canza ta tuntuni. A wasu wuraren akwai ɗaki guda a kulle, kwamfutoci jere a ciki an lulluɓe su da leda saboda ƙura. Wani ne ya ba da su kyauta, aka yi bikin buɗewa, aka ɗauki hotuna. Da kuɗin intanet na shekarar farko ya ƙare, batiran sola suka mutu, sai aka ja ƙofa aka sa kwaɗo.

Wannan ɗakin da aka kulle yana nuna abin da ke faruwa idan tallafi ya sauka a inda babu wanda aka horar ya riƙe shi, babu kuma wanda ya ɗauki nauyin ciyar da shi gaba.

Attajirin da ya fi kowa suna wajen gina ɗakunan karatu, Andrew Carnegie, ya gane wannan tun fiye da shekara ɗari da suka wuce. Daga 1883, lokacin da aka buɗe na farko a garinsu Dunfermline da ke Sikotlan, zuwa 1929, kuɗinsa sun gina ɗakunan karatu 2,509, kuma 1,689 daga ciki a Amurka suke. Sai dai bai taɓa yin kyauta ido rufe ba. Garin da ke son gini shi zai ba da fili, ya kuma yi alkawari a rubuce cewa duk shekara zai ware kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin domin albashi da littattafai da gyara, sannan kowa zai shiga ba tare da biyan ko kwabo ba. Akwai garuruwan da suka ƙi karɓa saboda wannan sharaɗi. Waɗanda suka karɓa kuwa, da yawa cikin gine-ginensu har yau ana karatu a ciki.

Da gidauniyar Carnegie ta juyo Afirka ta Yamma, wurin da ta fi barin tarihi shi ne horar da mutane. Ita ta turo Harold Lancour ya nazarci halin ɗakunan karatu a yankin a 1957, ita kuma ta ba da kuɗin kafa makarantar koyon aikin laburare a Jami'ar Ibadan, wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1960. A Arewa an riga an saba da ɗakunan karatu na En'e, waɗanda suka yaɗu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda ake zuwa karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo a ji labarin fagen daga. An kafa babban laburaren Jihar Arewa a Kaduna a 1952. Bayan samun 'yanci aka gayyato F. A. Sharr daga Ostareliya, ya zagaya ya rubuta rahotonsa na 1963 kan buƙatun ɗakunan karatun Arewa, kuma ƙarancin ƙwararrun ma'aikata na cikin abin da ya fi jan hankali a kai. A 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a Zariya. Magabatanmu sun san cewa gini da littattafai ba sa aiki da kansu.

Yau matsalar ta samo asali ne daga yadda aka raba kuɗi. Ɗakunan karatu na jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha mallakar gwamnati suna da TETFund, asusun da ke samun kuɗi daga harajin kamfanoni, wanda ke ware musu kaso domin littattafai da kayan aiki, yana kuma tura malamansu ƙaro ilimi. Ko a farkon shekarun 2000, da gidauniyar MacArthur ta zo da tallafi mai kauri, jami'o'i huɗu ta zaɓa, ciki har da ta Ahmadu Bello da ta Bayero. Ɗakin karatun jama'a, wanda tela da ɗan acaɓa da matar aure da almajiri ke da ikon shiga, ba ya cikin wannan rabo. Yana ƙarƙashin hukumar ɗakunan karatu ta jiha ne, ita kuma tana jiran abin da ma'aikatar ilimi ta rage. Sau da yawa ana rubuta kuɗin sayen littattafai a kasafi, shekara ta ƙare ba a saki ko sisi ba, sai albashi kawai.

Duk da haka ƙofofi ba su rufe ba. Asusun USPF da ke ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC ya taɓa samar wa ɗakunan karatun jama'a kwamfutoci da intanet a jihohi daban-daban. Ƙungiyar Book Aid International ta Birtaniya, wadda ta faro tun 1954, tana aika sababbin littattafai kimanin miliyan guda duk shekara zuwa ƙasashe da dama, galibinsu na Afirka. Babban laburaren Birtaniya yana da shirin ceto tsofaffin takardu tun 2004, da kuɗin gidauniyar Arcadia, kuma an riga an yi ayyuka da shi a Arewacin Nijeriya wajen ɗaukar hoton rubuce-rubucen Larabci da ajami. Duk ɗakin karatun da ke kusa da gidajen malamai masu ajiye da gafakar kakanni yana da hujjar ƙwanƙwasa wannan ƙofa.

Misalin da ya fi burge ni na Tamale ne, a arewacin Gana. Ƙungiyar EIFL ta taɓa gudanar da shirin ba ɗakunan karatun jama'a ƙaramin tallafi domin su gwada sabon aiki. Laburaren yankin da ke Tamale ya nemi nasa ne domin lafiyar mata masu juna biyu: aka tanadi kwamfutoci inda ma'aikatan lafiya ke samun bayanai, ana kuma aika wa matan saƙo ta waya kan awo da abinci da alamun haɗari. A yankin Bolta na ƙasar kuma, motar laburare ce ta riƙa yawo makarantun karkara ɗauke da kwamfutocin tafi-da-gidanka masu caji da hasken rana, domin yaran da ake yi wa jarrabawar kwamfuta alhali ba su taɓa taɓa ta ba. A duka biyun ba a ce “a ba mu kuɗi mu gyara laburare” ba. An nuna wata damuwa ta mutanen gari, aka ce ga yadda ɗakin karatu zai rage ta.

Nan ne namu suke faɗuwa. Mai ba da tallafi yana da tambayoyin da ba ya tsallakewa. Mutum nawa ke shigowa a wata? Nawa ne mata? Me suke zuwa nema? Wa zai biya kuɗin wuta da intanet bayan mun tafi? Akwai asusun banki na hukuma da aka bincika? Amsar tambayoyin farko tana cikin rajistar nan da ke bakin ƙofa, wadda aka ɗaure biro a jikinta da zare, kowa ya shigo ya rubuta suna da lokaci. Idan ta cika sai a jefa ta cikin kabad. Ma'aikacin da aka koya wa ya tattara abin da ke cikinta wata-wata, ya fitar da alƙaluma, ya rubuta shafi biyu masu ma'ana a kai, ya riga ya yi rabin aikin neman tallafi. Wanda ba a koya wa ba, ko sanarwar ta zo har teburinsa, wa'adin zai wuce yana kallo. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Wuraren koyon ma suna nan. Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Nijeriya, NLA, wadda aka kafa a 1962, tana taro duk shekara, tana da rassa a jihohi. Hukumar LRCN, wadda doka ta 12 ta 1995 ta kafa domin yi wa masu wannan sana'a rajista, tana shirya tarukan bita. A matakin nahiya akwai AfLIA, da aka kafa a 2013 mai hedikwata a Akara, wadda ta gudanar da shirye-shiryen horar da shugabannin ɗakunan karatun jama'a, da kwasa-kwasai ta intanet, har da na koyon rubutu a Wikipedia da na fassara littattafan yara zuwa harsunan gida. Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, domin littattafan da ake kawowa daga waje kusan duk na Turanci ne, yaron da ke aji biyu a Gumel ko Illela kuwa da Hausa zai fara son karatu. A shafukan African Storybook da StoryWeaver akwai labaran yara na Hausa da aka yarda kowa ya sauke ya buga kyauta. Ma'aikaci ɗaya mai sanin hanya da na'urar buga takardu guda sun isa su cika kantar yara.

Abin baƙin ciki shi ne wanda ake turawa waɗannan taruka. Sau da yawa manyan hedikwata ne ke tafiya, saboda alawus ɗin tafiya, ma'aikaciyar da ke zaune da yara kullum a reshen ƙaramar hukuma kuwa tana iya yin ritaya ba ta taɓa halartar bita ko ɗaya ba. Kwas ɗin intanet da ake cewa kyauta ne ma yana cin data, daga albashinta za ta saya.

Kada kuma a ɗauka tallafin waje abin dogaro ne har abada. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta kashe kusan dala biliyan ɗaya a kan ɗakunan karatun jama'a cikin kimanin shekaru 20, sannan ta sanar a 2014 cewa za ta janye, ta rufe shirin a 2018. A Amurka kanta, a watan Maris na 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin zaftare hukumar IMLS, wadda ke raba wa ɗakunan karatun jihohi kuɗin tarayya, har jihohi da dama suka garzaya kotu. A Nijar, cibiyoyin karatu na CLAC sun daɗe suna samun littattafai da horo daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙananan hukumomi na ba da gini da ma'aikata. A watan Maris ɗin 2025 kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar.

Saboda haka dole a duba gida. Muna da hukumomin zakka da waƙafi a Kano da Sakkwato da Zamfara, kuma waƙafin littattafai tsohuwar al'ada ce a wurin malamanmu. Muna da 'yan majalisa masu kuɗin ayyukan mazaɓu, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da attajiran da ke gina masallaci da asibiti, waɗanda ba a taɓa kai musu takarda mai tsari a kan ɗakin karatu ba. Su ma tambayar da za su yi ita ce wa zai kula da abin bayan an gama.

Amsar tana hannun gwamnonin jihohi da majalisunsu. Kasafin hukumar ɗakunan karatu yana buƙatar layi na musamman domin horar da ma'aikata, wanda za a riƙa saki a kan lokaci, a kuma fara da na rassa. Kowace hukuma tana buƙatar mutum biyu ko uku da aikinsu shi ne bibiyar sanarwar tallafi da rubuta takardar nema. Duk kyautar kayan aiki da za a karɓa, kwamishinan ilimi ya sa hannu tun kafin motar kaya ta iso cewa jiha za ta biya kuɗin wuta da intanet da gyara na aƙalla shekara biyar.